'Yar Rasha a Gwanjon Yamai

Da sunan Allah nake farawa, Wanda Ya san abin da bawa ya ɓoye ko da ya shekara nawa a ƙasan gafaka.

A shekarar da aka yanke mana Jihar Katsina daga Kaduna, bayan an gama yankan dawa, na yi tafiya zuwa Yamai ta ƙasar Nijar. Tun da na dawo ba ni da sakat. A masallaci a tambaye ni, a kasuwar auduga a tambaye ni, wai da gaske ne Turawa na sayen tsofaffin motoci su ajiye ba su hawa, kuma da gaske ne na ga 'Yar Rasha da idona. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki inda ya yi masa daɗi ya tafi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, har da wurin da ba ya yi mini daɗi.

Yaran yanzu ba su san 'Yar Rasha ba. Mota ce ƙirar ƙasar Rasha, mai dogon baya, ƙofa biyar, launinta kamar na kunun gyaɗa. A lokacin ita ce mafi araha cikin sababbin motoci, shi ya sa masu kuɗin gaske ba su kallonta, sai manomin da auduga ta yi wa kyau shekara guda. Yayana, marigayi Alhaji Mudi, ya saye ta a Kaduna shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Ita ce mota ta farko a ƙauyenmu, nan kusa da Gozaki. Kukanta kamar injin niƙa. In batir ya mutu akwai wani ƙarfe da ake zura mata ta hanci a murza ta tashi. Akwai kuma wani maɓalli, in ka taɓa shi sai iska mai zafi ta cika motar, don ƙasarsu ƙasar ƙanƙara ce. Ranar da aka kawo ta wani ya taɓa shi, muka yi tun daga Funtua har gida muna gumi, babu wanda ya san yadda ake kashewa. Amma in aka kwantar da kujerar baya mutum na miƙewa sosai. Masu naƙuda, da waɗanda maciji ya sara, da gawarwakinmu daga asibiti, duk ita ta ɗauke su. Ni na rubuta mata "Allah Ya kiyaye hanya" da ajami a ƙofar baya, da baƙin fenti.

Direbanta Ɗanladi ne, ɗan Jatau. Jatau Bamaguje ne, gidansa na bayan rafi, ba ya sallah, kuma ba a taɓa jin ya ci hakkin kowa ba. Ɗanladi ya koyi tuƙi a motocin auduga na Funtua. Yakan wanke motar nan kafin ya wanke fuskarsa.

Bazarar da ta biyo baya, lokacin babban fari, wani ɗan kasuwa ya ɗauki shatarta zuwa Yamai. Ɗan kasuwa ya dawo bayan wata guda a wata mota, ya rantse Ɗanladi ya sauke shi lafiya ya juyo gida kashegari. Ba Ɗanladi, ba mota. Mutane suka fara cewa ya sayar da ita ya shiga duniya.

Ana cikin haka wata takarda ta zo wa Yaya Alhaji, da kan sarkin Nijar. Ni ne mai karatun wasiƙun ƙauyenmu. Ajami kam tun ina yaro, boko kuma na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, har Turanci nakan kama kalma nan da can. Yaya ya miƙo mini ita a ƙofar gida, mutum ya fi goma a zaune. Na buɗe. Baƙaƙen na boko ne, amma ko kalma ɗaya ban gane ba, sai lambar motarmu da wani shuɗin hatimi. Duk an zuba mini ido. Da na ce ban iya ba, da an kai ta Katsina ko Zariya an sami mai Faransanci cikin mako guda. Ban ce ba. Na motsa leɓe, na gyara murya, na ce takardar hukumar can ce, ta nuna mota ta shiga hannun wani. Abin da kowa ke jira ya ji ke nan. Na maimaita shi a gaban dagaci, Jatau na durƙushe. Aka yanke ya ba Yaya gonarsa ta fadama a madadin mota. Matar Jatau, Kande, ta daina zuwa kasuwa saboda ana nuna ta ana cewa ga uwar ɓarawo, ta rasu bayan shekara huɗu. Yaya ma ya rasu bai bar ɗa ba, fadamar ta faɗo a rabona. Takarda kuwa tana ƙasan gafakata shekara goma sha uku.

Wanda ya tono maganar Lamidi ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Funtua. Iyayensa Yarabawa ne, amma a Funtua aka yanke masa cibiya, tare da ƙannena ya yi karatun allo. Yakan je Yamai neman kaya. Ya same ni a kasuwar Bakori ya ce, "Malam, na ga hannunka a Yamai."

Na ce wane hannu.

"Wallahi 'Yar Rasha ce. Lambar tsohuwar Jihar Arewa ta Tsakiya, ga rubutunka a baya, da harafin kaf ɗin nan naka mai dogon wuya."

Ya ce wani tsohon Bature ne ya daɗe a can yana tara tsofaffin motoci, ya mutu, magadansa za su yi gwanjonsu nan da mako biyu.

Kwana uku da wannan, na fito daga sallar asuba na tarar da Jatau tsugune a bakin zaurena. Rabon da ya taka ƙofata tun ranar shari'a. Ya tsufa, ido ɗaya ya yi yana.

"Baba, lafiya?"

"An ce an ga motar. Na sayar da awaki biyu. Za ka kai ni in tambaye ta inda ta bar ɗana."

"Baba, mota ba ta magana."

"Wanda ya riƙe ta yana yi. In ya ce Ɗanladi ne ya sayar masa, in dawo in yi shiru har in mutu. In ba haka ba ne, ina so in sani kafin in tarar da Kande."

Da nake haɗa kaya na zaro takardar na sa a aljihun 'yar ciki, ban gaya wa kowa ba.

Mu uku muka tashi, ni da shi da Lamidi. A Malumfashi muka shiga motar Katsina, muka kwana biyu a can ana yi mana takardun tafiya da allurar rigakafi. Jatau bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Da aka miƙa masa nasa ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wannan ai ubana ne." Malamin ofis ya tambaye shi shekarunsa, ya ce ya girmi titin Funtua. Lamidi ya ce a rubuta saba'in.

"Kai Bayarabe, kana nan aka haife ni?"

"Baba, ni ɗan Funtua ne. Kai ne baƙo, mutumin bayan rafi."

"Ɗan Funtua da ba ya cin tuwo sai an zuba masa barkono tulu guda."

Wannan ce kaɗai dariyar da na ji daga bakin Jatau duk tsawon tafiyar.

Daga Jibiya muka tsallaka. Iyaka dai igiya ce da ganguna biyu, mutanen wancan gefe Hausawa ne irinmu, da yawansu da dangi a Katsina, amma tsari ya bambanta. Mun isa ofishinsu rana tsaka muka tarar a rufe, wai daga sha biyu har wajen la'asar ma'aikata hutu suke yi, haka al'adarsu take. Jandarmominsu, wato 'yan sandan hanya, ba su hayaniya. A sauke kowa, a karɓi takardu a shiga ɗaki da su, a fito a kira suna ɗaya-ɗaya. Haka a kowane shinge har Yamai, na ƙirga har na bari.

Kuma ba su ƙirga kuɗinsu na sefa ɗaya-ɗaya. Biyar-biyar suke yi, kowace biyar sunanta dala. Na sha furar wata mata ta ce dala ashirin, na ajiye mata sefa ashirin na kama hanya. Ta biyo ni har bakin mota tana kiran jama'a su zo su ga malamin Najeriya, da rawaninsa, zai ci hakkin talaka. Lamidi ya ba ta haƙuri ya cika mata. Furar kuwa, gaskiya, ta fi tamu, gero zalla da nono mai kauri.

A tashar Maraɗi muka yi sahu don magariba, Jatau ya zauna kan kayanmu yana tauna taba. Wani dattijo cikin fasinjoji ya ce masa, "Tsoho, kai ba ka tashi? Kabari fa na kiranka."

Jatau ya nuna ni da haɓa. "Ga malamin garinmu nan. Shi ke karanta mana komai."

Na ta da kabbara, amma har aka sallame ban san surar da liman ya ja ba.

A rumfar tasha muka kwana, da safe muka shiga wata bas da aka ɗora wa raguna a kai. Faci biyu ta yi kafin Birnin Ƙonni. Daga Dogon Dutsi Hausa ta fara raguwa, muna isa Doso sai Zabarmanci. Burodinsu dogo ne mai tauri. Jatau ba haƙora, ya jujjuya nasa ya ce wannan ai sandar kora awaki ce, ya jiƙa a shayi. Shayin kuma a 'yan kofunan gilashi kamar na awon magani, ɗaci kamar maɗaci, sau uku ake ba ka, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi.

A Yamai muka sauka gidan Alhaji Hamani, mai masaukin Lamidi, Bazabarme mai jin Hausa da Faransanci. Ya ba mu ɗaki ɗaya da tabarmi uku, aka kawo shinkafa da kwaɗon zogale, wanda su suke ji da shi kamar nama. Da ya ji Jatau Bamaguje ne bai canja fuska ba, sai ya ce a ƙara masa bargo.

Kashegari da safe na ce zan je ganin Kogin Kwara. Gidan waya na nufa. A gindin itatuwan ƙofarsa akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa, kowa da teburinsa da keken rubutu. Abokan sana'ata ne. Na zaɓi wani dattijo Badamagare mai tabarau, na miƙa masa takardar. Ya karanta a zuci, sa'an nan ya fassara mini a hankali. Ana sanar da mai mota lamba kaza cewa direbanta, Ɗanladi Jatau bisa ga lasinsa, ya rasu da ciwon sanƙarau a ƙaramin asibitin wani gari tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, yana kan hanyar komawa Najeriya. An binne shi a can. Mota da makullinta suna hannun jandarma. Mai ita ya zo cikin wata uku, in ba haka ba hukuma za ta sayar.

Ya juya ambulan ya duba hatimin kwanan wata, ya cire tabarau.

"Malam, a ina takardar nan ta kwana?"

"A wurina."

"Ba a sami mai karantawa ba ne?"

"An samu. Ni ne."

Ya ninke ta ya miƙo mini. Na sa hannu aljihu don ladansa, ya ce in bar shi. "Mu nan in ta fi ƙarfin mutum, teburin gaba yake miƙa wa. Ba a taɓa korar kowa don haka ba."

Na koma masauki da niyyar in gaya wa Jatau nan take. Na tarar yana ɗinke takalminsa a inuwa. Na ce bari sai bayan azahar. Bayan azahar na ce bayan la'asar. Gari ya waye ranar gwanjo ban faɗa ba. Wannan ban da wani uzuri a kansa, don wannan karon na san abin da ke cikin takardar.

Gidan Baturen na gefen gari, katanga doguwa, ciki rumfunan kwano, motoci jere a ƙarƙashi, kowace an goge ta tana walƙiya. Alhaji Hamani ya san mai gadi, aka bar mu muka shiga. Ga masu tambayata yadda suke yi, to ku saurara. Mu nan gwanjo na kayan da suka mutu ne, mai saye yana kushewa don ya karya farashi: ga tsatsa, ga yoyo, wannan ai sai dai a yi akurki. Can yabo ake yi. Turawa da 'yan Labanan suna zagaya mota hannu a baya, suna magana ƙasa-ƙasa kamar a gidan makoki. Tsufa shi ne darajar, kuma ba a son a ga an canja ko ƙusa. Ba don su hau suke saye ba, sai don su rufe da zane su riƙa buɗe wa baƙi. Lamidi ya shuri tayar wata ya ce in aka farfasa ta za a ci riba a kayan ciki. Alhaji Hamani ya ce ya rufa masa asiri ya yi shiru, kada a fitar da mu.

'Yar Rasha tana can ƙarshen layi. Ban buƙaci ganin lamba ba. Mu nan 'yan'uwanta duk sun mutu tun da kayan gyaransu suka yanke, akwai wata a Dandume kaji ke ƙwai a cikinta. Wannan kuwa kamar jiya ta bar ƙofar Yaya, ga rubutuna a baya ko harafi bai goge ba. Jatau ya tsaya gabanta, ya kai hannu zai taɓa, mai gadi ya hana. Ya mayar da hannunsa ya rungume.

Mai gwanjo Bature ne mai ƙaramar gudumar katako. Wata al'adarsu kuma, kowace mota tana da jakar takardunta, kafin a fara tayi sai an karanta asalinta, wanda ya ƙera, wanda ya fara saye, inda ta bi, kamar yadda dillali ke jero asalin doki. Wannan ban yi tsammaninsa ba. Da aka zo kan tamu, Alhaji Hamani ya sunkuyo yana fassara mana.

"Ya ce motar talakawan Rasha ce. A can ma ba a daraja ta, shi ya sa ba wanda ya adana, mai dogon baya irin wannan da wuya a sami wata mai rai. Ya ce tafiyarta kaɗan ce, shekara ɗaya ta yi a Najeriya. Direbanta ya mutu a hanya yana komawa gida. Hukuma ta rubuta wa mai ita, ba a amsa ba, aka sayar wa marigayi mai gidan nan."

Jatau ya ce, "Maimaita mini ta direban."

"Ya mutu a hanya, Baba. Yana komawa gida."

Sai ya zauna a ƙasa, nan tsakiyar takalman Turawa. An fara tayi a bisa kansa. Ba kira ba ihu, wannan ya ɗaga yatsa, wancan ya gyaɗa kai. Na tsuguna kusa da shi. Ya juyo da idonsa mai gani.

"Ya ce an rubuta. Malam, wace takarda aka rubuta?"

Na zaro ta daga aljihu.

"Ita ce ta gaban dagaci?"

"Ita ce, Baba."

"Ka ce ta ce mota ta shiga hannun wani."

"Ban karanta ta ba. Ban iya ba. Kunya ta hana ni faɗa. Jiya aka karanta mini."

"Jiya."

"Jiya da safe."

"Muka ci abinci kwano ɗaya da rana. Muka ci da yamma."

Guduma ta sauka, aka tafa.

Wanda ya saya wani dogon Bature ne mai aikin haƙa rijiyoyi. Lamidi, da bakinsa ba ya riƙe magana, ya riga ya gaya wa mai gadi cewa ga wanda ya yi rubutun nan. Bature ya zo da fara'a, ya kama hannuna yana girgizawa, wai rubutun ne ya fi burge shi, in zo in tsaya kusa da shi a ɗauke mu hoto. Na ce a ba shi haƙuri. Jatau ya miƙe ya ce a roƙa masa a buɗe ƙofar direba. Aka buɗe. Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin kujera yana laluben ƙarfenta, har ya kama wani ɗan ƙullin fata na tsari ɗaure da tsirkiya. Shi ya ɗaura shi da hannunsa ranar da Ɗanladi ya fara aiki. Bature ya ce a'a, duk abin da ke cikin mota tare aka sayar masa, yana so ta zauna yadda take. Alhaji Hamani ya yi masa wata doguwar magana da Faransanci, ban san me ya ce ba, na dai ga kunnuwan Baturen sun yi ja. Ya zaro wuƙarsa ya yanke tsirkiyar da kansa ya miƙa wa Jatau da hannu biyu.

Jatau ya juya ƙullin a tafinsa ya ce, "Bai yi aiki ba." Ya sa a aljihu.

Lamidi ya tsaya sayen kayansa, mu biyu muka juyo. Kujera ɗaya muka zauna, kafaɗa na gugar kafaɗa, daga Yamai har Dogon Dutsi bai yi mini magana ba. Muka sauka a garin da takarda ta ambata. Da zuwa mun wuce ta cikinsa, bas ko rage gudu ba ta yi ba. Aka kai mu wurin ladanin garin, tsoho ne ya kusa Jatau a shekaru. Ina ambatar mota mai rubutun ajami ya ce ya tuna, shekarar sanƙarau ce, sun binne mutane da yawa.

"Da hantsi ya shigo, a hankali yake tuƙi, wuyansa ya sandare ba ya iya waiwaye. Ya ajiye ta a inuwar tsamiyar can, ya ɗaga gilasai, ya kulle ƙofofi ɗaya bayan ɗaya yana dafa ta. Sa'an nan ya rarrafa zuwa asibiti. Makullin na hannunsa, ya ba malamin asibiti ya ce, motar Alhaji ce, a mayar masa. Bai kwana biyu ba."

Jatau ya ce, "Wa ya binne shi?"

"Mu. Mun ga sunan Allah a bayan motarsa, muka yi masa wanka muka yi masa sallah."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce, "To. Wani dai ya wanke shi."

Ladan ya kai mu makabarta. Bai iya nuna kabari ɗaya ba, sai gefe, ya ce tsakanin nan da can ne. Jatau ya sayi fura a ƙwarya, ya tsuguna ya tsiyaya ta a ƙasa yana magana da ɗansa kamar yana gabansa. Ya gaya masa Kande ta rasu. Ya gaya masa an sayar da motar ga wani da zai kula da ita. Ya tona ɗan rami ya binne ƙullin fatar. Ladan ya dube ni, ko zan ce wani abu a matsayina na malami. Na sunkuyar da kai. Na yi tawa addu'ar a zuci, ban da bakin hana kowa komai a wurin nan.

Mun iso gida ranar Laraba. A bakin rafi, inda hanyarmu ke rabuwa, na ce, "Baba, gobe zan kai maka shaidu a mayar maka da fadama."

"Wa zai noma mini? Ɗanladi?"

"To me kake so in yi?"

"Inda ka faɗi waccan, can za ka faɗi wannan."

Ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da ƙofar dagaci ta fi cika, na miƙe. Dagacin da ya yi shari'ar ya rasu, ɗansa ne a kai, amma dattawan da suka ji ni a wancan karo da yawansu na nan. Jatau na tsugune daidai inda ya durƙusa shekara goma sha uku da suka wuce, mutanen bayan rafi tsaye a bayansa. Na ɗaga takardar na ce ni Malam Haruna ban iya karanta ta ba, na yi ƙarya don kada a ce ban iya ba. Na ce Ɗanladi ɗan Jatau ba ɓarawo ba ne, ya mutu yana komawa da motar, makulli a hannunsa. Na ce fadama ta Jatau ce, ko ya noma ko ya bar wa ciyawa.

Jatau ya ce, "Na baya ba su ji ba."

Na sake faɗa da ƙarfi.

"Mata na cikin gida. Su suka riƙa nuna Kande."

Na matsa bakin katangar dagaci, na faɗa na uku, har muryata ta dushe.

Ya dafa sandarsa ya miƙe. Na bi shi na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya tsaya bai waiwayo ba. Ya ce, "Hakkin Kande da na Ɗanladi ba a hannuna suke ba, sai ka je can ka tambaye su. Nawa dai, Malam, ka biya."